Kyautar Grammy ta Hoton Bangon Kundin Waƙa: Me Ake Yabawa, Wa Ke Ɗaga Kofin?

Me ya haɗa kyautar waƙa da hoto? Wannan tambaya ta riƙa yawo tun watan Yunin 2025, lokacin da Recording Academy, ƙungiyar da ke shirya bikin Grammy a Amurka, ta sanar da ware rukuni na musamman don hoton bangon kundin waƙoƙi. Waƙa dai da kunne ake jin ta. Wasu suka ce an rasa abin yi ne, ana ta ƙirƙiro kofuna don kowa ya samu na kai wa gida. Wasu kuma suka ɗauka wata sabuwar dama ce aka buɗe wa mawaƙa su ƙara yawan lambobinsu. Duka biyun akwai gyara a ciki. Kyautar ta girmi yawancin masu gardamar, kuma a ƙa'ida ba mawaƙi aka yanka wa ita ba.

## Bango daban, ƙunshi daban

Bango shi ne hoto ɗaya tilo da ke fuskar kundi, wanda kake gani a jikin kwalin faifai ko a fuskar wayarka idan waƙa na tafiya. Ƙunshi kuwa ya haɗa duk abin da hannu ke taɓawa: kwalin, bayansa, ɗan littafin da ke ciki mai ɗauke da baitoci da hotuna, irin takardar da aka buga, salon rubutun, har da launin faifan kansa.

Sai mutumin da rigimar ta fi shafa, wato daraktan zane. Shi ne mai yanke shawarar kamannin da aikin zai ɗauka. Yana iya zama shi ya zana, yana iya zama bai taɓa alƙalami ko kyamara ba, sai dai shi ya kawo tunanin, ya zaɓi mai ɗaukar hoto, ya ce a sa wannan a cire wancan. Wannan mutumin Grammy ke miƙa wa kofi. Mawaƙi ba ya samu sai in an rubuta sunansa a matsayin daraktan zanen. Haka ma mai ɗaukar hoton da mai zanen.

## Lokacin da faifai ba shi da fuska

Kafin 1940, faifan garmaho a cikin takarda mai ruwan ƙasa ake sayar da shi, an huda tsakiyarta don a iya karanta sunan waƙar. Idan faya-fayan suna da yawa sai a jera su cikin wani abu mai kama da littafin ajiye hotuna, a buga suna a jiki, shi ke nan. Wani matashi mai suna Alex Steinweiss, wanda kamfanin Columbia ya ɗauka aiki a ƙarshen shekarun 1930, shi ya matsa wa shugabanninsa su bar shi ya yi wa kundi zane irin na fasta. A 1940 aka fitar da na farko, ciniki ya ƙaru, sauran kamfanoni suka bi sahu. Da Columbia ta fito da babban faifai mai faɗin inci 12 a 1948, mai zane ya samu fili na sosai, kwali mai kusurwa huɗu da ake hangowa tun daga bakin ƙofar shago.

Saboda haka da aka yi bikin Grammy na farko ranar 4 ga Mayun 1959, kyautar bangon kundi tana cikin jerin. Daga nan ta yi ta sauya kama. Tsakanin 1962 da 1965 an raba ta gida biyu, kiɗan gargajiyar Turai da sauran kaɗe-kaɗe. Daga 1966 zuwa 1968 aka sake rabon, zane a gefe guda, hoton kyamara a gefe guda. A 1974 aka faɗaɗa ta daga bango zuwa ƙunshi gaba ɗaya, a 1995 kuma aka ware wa manyan akwatunan faya-fayai na musamman nasu rukunin. Abin da ya faru a 2025 shi ne an haɗe rukunan ƙunshi guda biyu suka koma ɗaya, aka dawo da bango ya tsaya da ƙafarsa kamar yadda yake tun farko.

Ba Amurka kaɗai ke yi ba. Kyautar Juno ta Kanada tana karrama zanen kundi tun shekarun 1970, ta ARIA a Ostareliya tun 1987, a Birtaniya kuma akwai gasar Best Art Vinyl da jama'a ke kaɗa wa ƙuri'a tun 2005.

## Me ya sa aka dawo da ita yanzu?

Babban dalili shi ne yadda ake jin waƙa ya canza, tsohuwar ƙa'ida kuma ta tsaya a inda take. Kyautar ƙunshi tana buƙatar abin da za a riƙe a hannu, ko faifan garmaho, ko CD, ko kaset. Alhali fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin da masana'antar waƙa ke samu a Amurka daga sauraro ta intanet yake fitowa. Dubban kundaye suna fita kowace shekara ba tare da an buga ko kwali ɗaya ba. Duk kyan da hoton bangonsu ya kai, ba su da ƙofar shiga. Sabon rukunin ya cire wannan sharaɗi, kundin da ke kan manhaja kawai ma yana iya shiga takara.

A ganina wannan shi ne alheri mafi girma a cikin sauyin, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa. Buga faifan garmaho da kwali mai tsada sai mai ƙarfi. Tsohuwar ƙa'idar, ko da ba da gangan aka yi ta ba, tana tace masu ƙaramin jari tun kafin alƙalai su ga aikinsu, kuma yawancin mawaƙan Afirka a cikin waɗanda ake tacewa suke.

Dalili na biyu yana ta ɗaya gefen. Faifan garmaho da aka yi zaton ya mutu ya farfaɗo. A 2022 an sayar da guda miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, karo na farko da garmaho ya wuce CD tun 1987. Wani bincike na kamfanin Luminate ya nuna cewa kusan rabin masu sayen faya-fayan nan ba su da ma na'urar kunna su. To me suke saya? Kwalin suke saya, su jingina a kanta ko su rataye a ɗaki. Manyan taurari sun gane haka, shi ya sa ake fitar da kundi ɗaya da bango iri huɗu ko biyar, masoyi ya saye su duka. Wannan ɗabi'a tana shan suka har daga wasu mawaƙan, kuma sukar tana kan hanya, domin tatsar masoya ce.

Akwai kuma abin da ya faru da kundin Brat na mawaƙiyar Birtaniya Charli XCX a 2024. Bangonsa koren launi ne mai ɗaukar ido, da kalma ɗaya a tsakiya, rubutun ma dishi-dishi kamar an ja shi ya wuce ƙima. Mutane da yawa suka ce ko yaro zai iya yin wannan a waya cikin minti biyu. Amma launin ya mamaye intanet tsawon watanni, har ofishin yaƙin neman zaɓen Kamala Harris, 'yar takarar shugabancin Amurka a lokacin, ya ari salon a shafinsa. A Fabrairun 2025 kundin ya ci kyautar ƙunshi. Kowa ya san bangon ne ya yi tashe, ba ɗan littafin da ke ciki ba. Wata huɗu bayan haka aka sanar da sabon rukunin.

## Kujeru biyu da fuskar aro

Kundaye biyar suka kai zagayen ƙarshe: Chromakopia na Tyler, the Creator; Debí Tirar Más Fotos na Bad Bunny; The Crux na Djo; Glory na Perfume Genius; da Moisturizer na ƙungiyar Wet Leg. A bikin da aka yi a Los Angeles ranar 1 ga Fabrairun 2026, Chromakopia ne ya yi nasara. Hoton mawaƙin ne cikin launi irin na tsofaffin hotuna, sanye da abin rufe fuska da aka ƙera da siffar fuskarsa shi kansa, ya miƙo hannu gaba. Aiki ne mai nauyi, ya kuma dace da kundin da ke magana kan abin da mutum ke ɓoyewa a bayan suna da ɗaukaka.

Ni dai na Bad Bunny ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ya fi nuna abin da bango ke iya yi. Babu mutum a hoton, babu sunan mawaƙi, babu sunan kundi. Fararen kujerun roba ne guda biyu a kan ciyawa, bayansu itatuwan ayaba. Eric Rojas, ɗan Puerto Rico, shi ya ɗauka. Kundin yana magana ne kan tsibirin na Puerto Rico, mahaifar Bad Bunny, kan 'ya'yansa da tsadar rayuwa ta kora zuwa Amurka, da baƙi masu kuɗi da ke saye unguwanni. Duk wanda ya ga kujerun nan ya san akwai waɗanda suka saba zama a kai suna hira, yanzu ba sa nan. Ba sai ka ji Sifaniyanci ba kafin saƙon ya iso ka, tunda irin kujerun ne ake jerawa a ƙofar gida ranar suna da ranar zaman makoki daga Kano har Damagaram. Jama'a a ƙasashe da dama suka riƙa ɗaukar hoton kujerun gidajensu suna sakawa a intanet tare da tuna iyaye da kakanni. Kundin bai ci kyautar bango ba, amma shi ya lashe babbar kyautar kundin shekara, karo na farko da kundin da aka rera gaba ɗaya da Sifaniyanci ya kai wannan matsayi.

A lura da wani abu game da hotunan nan biyu da na Brat: duka ana gane su ko an ƙanƙantar da su sun koma kamar kan sarki. Steinweiss da waɗanda suka biyo bayansa suna da inci 12. CD ya rage filin zuwa kusan santimita 12. Mai zanen yau yana aiki ne da sanin cewa yawancin mutane a ɗan lungun fuskar waya za su ga aikinsa, suna cikin gungurawa da yatsa. Wannan ya sa zane mai tarin bayanai ya ja baya, launi ɗaya mai ƙarfi ko siffa ɗaya ya samu kasuwa. Masu kukan cewa fasahar ta talauce suna da hujja. Sai dai sanya ma'ana mai zurfi a fili ƙanƙane shi ma gwaninta ce, kujerun can sun isa shaida.

## Wa ke ɗaga kofin?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma matsalar ta faro tun daga ranar farko. Wanda ya ci kyautar bango a 1959 shi ne mawaƙin Amurka Frank Sinatra, da kundinsa Only the Lonely. Hoton fuskarsa ne da aka zana da fenti, an yi masa kwalliya irin ta ɗan wasan barkwanci mai baƙin ciki. Wanda ya zana sunansa Nicholas Volpe. Sinatra aka rubuta a matsayin daraktan zane, shi ya tafi da kofin, kuma shi ne Grammy na farko da ya taɓa samu a rayuwarsa, mutumin da duniya ta sani da murya.

Shekara 67 bayan haka tsarin bai canza ba. A jerin 2026 sunan Bad Bunny ne aka rubuta a matsayin daraktan zanen kundinsa, ba na wanda ya riƙe kyamara ba. A na Wet Leg ma 'yan ƙungiyar suna cikin waɗanda aka lissafa.

Masu kare wannan tsari suna cewa tunani shi ne aikin. Idan mawaƙi ne ya ce a samo kujeru biyu a ajiye a gaban ayaba kada a sa kowa a kai, to shi ya haifi hoton, mai kyamara cika umarni ya yi. Akwai mawaƙan da da gaske su ke tsara komai na kamannin aikinsu, hana su kofin zalunci ne. Masu suka kuma suna cewa tsakanin tunani da hoton da ya fito akwai zaɓen haske, da lokacin ɗauka, da inda aka tsaya, da gyaran launi, waɗanda ido da hannun ƙwararre ne ke yin su. Sannan sunan da za a aika wa Grammy daga ɓangaren mawaƙi da kamfaninsa yake fitowa. Wane mai ɗaukar hoto ne zai ja da tauraron da ke ba shi aiki?

Na fi karkata ga masu sukar. Rukunin da aka ce an buɗe don masu aikin bayan fage, in ba a yi hattara ba, zai zama ƙarin kofi ne a kantar taurari. Tarihi ya nuna yadda ake cin guminsu ko da sun samu yabo. Bangon kundin Sgt. Pepper na ƙungiyar Beatles, na 1967, yana cikin mafi shahara a duniya. Haɗa shi ya ci kusan fam 3,000, kuɗi mai yawa a lokacin. Peter Blake da Jann Haworth, waɗanda suka tsara shi, sun samu Grammy a 1968, amma ladan aikin fam 200 ne, biya ɗaya, babu wani kaso daga miliyoyin kwafin da aka sayar. Ita Haworth ma sau da yawa mantawa ake yi da ita idan ana ba da labarin, sai a ambaci Blake shi kaɗai.

Ko ranar bikin, kyaututtukan zane suna cikin waɗanda ake rabawa da rana kafin a fara nuna babban taron a talabijin, tare da mafi yawan rukunan, waɗanda suka kai 95 a bikin 2026.

## Batun ƙirƙirarriyar basira

Sanarwar sabon rukunin ta zo a daidai lokacin da masu zane ke cikin fargaba. Yau mutum zai rubuta jimla biyu, manhaja ta fitar masa da hoto cikin daƙiƙu, kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan. A 2024 ƙungiyar Tears for Fears ta sha suka daga masoyanta bayan an gano an yi amfani da irin wannan fasaha a bangon sabon kundinta. Tun 2023 Recording Academy ta kafa ƙa'idar cewa ɗan Adam ne kawai ke cin kyautarta, aikin da babu hannun mutum a cikinsa ba ya shiga kowane rukuni. Kotunan Amurka ma sun yanke cewa hoton da na'ura ta samar ita kaɗai ba shi da haƙƙin mallaka.

Inda ƙa'idar ke da rauni shi ne tsakiya. Idan mutum ya sa na'ura ta fitar da hoto, ya gyara, ya ƙara rubutu, hannunsa ya isa ko bai isa ba? Kuma tunda daraktan zane ake bai wa kofin, wanda aikinsa ba da umarni ne, me zai hana wani ya ce shi ma umarni ya bai wa na'ura? Wannan gardama tana nan gaba.

## Daga Legas zuwa shagon mai zane a Arewa

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Lemi Ghariokwu, wanda aka haifa a Legas a 1955, ya koyi zane da kansa, ya haɗu da Fela Kuti a 1974, ya yi masa bangon kundaye 26, daga Alagbon Close har zuwa irin su Beasts of No Nation na 1989, inda ya zana shugabanni irin su Margaret Thatcher ta Birtaniya da Ronald Reagan na Amurka da P. W. Botha na Afirka ta Kudu da siffar dodanni. Fela ya sakar masa mara ya zana abin da ya fahimta daga waƙar, shi kuma yana sa sunansa a jikin aikin. Wannan sa sunan ne ya sa yau ake baje kolin zanensa a Turai da Amurka, ake gayyatarsa ya yi bayani. A 2025 aka shigar da kundin Zombie na Fela cikin taskar girmamawa ta Grammy, a 2026 kuma aka bai wa Fela lambar yabo ta tsawon rayuwa, shekaru da dama bayan rasuwarsa. Duk wanda ya san waɗannan kundaye ya san rabin abin da yake tunawa zanen Lemi ne.

A wajenmu kuwa waƙa ta daɗe tana yawo ba fuska. Zamanin kaset, da yawa kwafa ake yi a rubuta sunan mawaƙi da biro. Da waya ta zo, masu tura waƙoƙi a kasuwa suka karɓi aikin, fayil ya tashi daga wannan waya zuwa waccan, hoto ya ɓace a hanya. Yanzu da mawaƙan Hausa ke saka aikinsu a Audiomack da Boomplay da Spotify da YouTube, bango ya zama dole, domin manhajar ba ta karɓar kundi sai da hoto. Matasa masu zane da kwamfuta a Kano da Kaduna da Jos da Yamai su ke wannan aiki. Galibi abin da ake nema a wajensu bai wuce hoton mawaƙi cikin babbar riga ko kusa da mota ba, da suna da manyan haruffa masu ƙyalli. Abin yana ba ni takaici, ganin irin dukiyar da ke gabanmu: zanen jikin soraye, aikin allura na aska takwas, rini, rubutun ajami, zayyanar allo. Masu zane daga Taiwan sun ci kyautar ƙunshi ta Grammy shekara biyu a jere, 2022 da 2023, da ayyukan da suka tsamo daga ƙasarsu da al'adunta.

Shin mai zane daga Arewa zai iya shiga wannan takara? A ƙa'ida ƙofa a buɗe take, muddin an fitar da kundin a kasuwar Amurka, wanda manyan manhajoji ke sauƙaƙawa, kuma wani mamba na ƙungiyar ko kamfanin da ya yi rajista da ita ya gabatar da shi cikin wa'adi. A aikace hanyar tana da nisa. Abin da ya fi kusa shi ne abin da ke hannunmu. Masu shirya bukukuwan karrama mawaƙa da 'yan fim na gida suna iya ware rukunin bango da fasta, kuɗin da zai ci bai taka kara ya karya ba. Manhajojin sauraro yawanci suna nuna sunan marubucin waƙa da mai haɗa kiɗa, ba sa nuna na mai zane, don haka sai mawaƙi ya ambace shi da kansa a wajen sanarwa, ko mai zanen ya sa ɗan sunansa a gefen aikin yadda Lemi ya yi.

Doka ma tana bayansa fiye da yadda da yawa suka sani. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta ce haƙƙin aiki na wanda ya ƙirƙire shi ne tun farko, sai in an yi yarjejeniyar da ta ce akasin haka, kuma mallaka wa wani wannan haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Ta kuma ba shi damar neman a ambaci sunansa a kan aikinsa. Mai zanen da aka turo wa kuɗi ta waya aka ce ya turo hoto kafin magariba yana da ikon tambaya ko hoton na bangon kundi ne kawai, ko za a buga shi a riguna da allunan talla, ya kuma yanka farashinsa daidai da amsar da aka ba shi.